Rumbun Tsuntsaye a Ƙarshen Kaka

Garin Kwadon yana kan hanyar da ta tashi daga Gombe ta nufi Biu, cikin Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba, ba nisa da birnin Gombe. Mutanensa manoma ne, sun kuwa yi suna wajen aikin lambu, watau noman tumatir da albasa da tattasai da sauran kayan miya. A wannan yanki ruwan sama yakan ɗauke cikin watan Oktoba. Daga nan sai a shiga cirar gyaɗa da roron wake da yankan dawa, kafin watan Nuwamba ya ƙare amfanin gona ya zo gida, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta fara busowa da ƙura daga arewa maso gabas.

A lokacin nan mai gona ya tara abin da zai ci har wata daminar. Tsuntsu kuwa ba ya gina rumbu, ba ya ajiya. Rumbunsa yana rataye ne a jikin itatuwa da ƙayoyin da ke gefen gonaki da bakin rafi da kan burtali, watau magarya da kurna da kanya da ɓaure da makamantansu. Idan an bar su tsaye, tsuntsaye su ƙetare rani lafiya. Idan an sare su ko an cinna musu wuta, sai yunwa ta kore su ko ta kashe su, hasarar kuwa ba ta tsayawa kan tsuntsu kaɗai, tana komowa kan mai gona.

Yadda abinci ke juyawa bayan ɗaukewar ruwa

Da damina tsuntsu ba shi da damuwar abinci. Ga shinge yana tashi bayan ruwan fari, ga tsutsa a kan ganye, ga fara cikin ciyawa, ga kwaɗi a kududdufi. Shi ya sa yawancin tsuntsaye ke yin sheƙa su ƙyanƙyashe a wannan lokaci. Da zarar ƙasa ta bushe sai ƙwari su ragu ƙwarai, waɗansu su mutu, waɗansu su shige ƙasa ko ƙarƙashin ɓawon itace su jira ruwa. Shamuwa, wadda fara da ƙwari ne abincinta, ba ta jiran wannan hali. Tana ganin kaka ta kama sai ta bar ƙasar Hausa ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke faɗuwa a lokacin.

Waɗanda suka zauna, bakin kowannensu ya nuna abin da zai rayu a kai. Mai gajeren baki mai kauri, irin su gwara da jan-baki, ɗan tsaba ne, shi kaka lokacin ƙoshinsa ne, gama irin ciyawa ya zube ko'ina. Kurciya da hasbiya da fakara da zabon daji su ma kalen ƙasa suke yi. Mai siririn baki mai tsini maci ƙwari ne. Sa'an nan akwai wata ƙungiya babba wadda ke komawa ga 'ya'yan itace, waɗansu dungum, waɗansu su haɗa da ɗan abin da suka samu na ƙwari. A cikinta akwai kulkulu, mai dogon wutsiya da kuka kamar dariya, da cilakowa, da tsirya, da shaya mai sheƙi, da kurciyar gamji, da tsuntsun nan mai ruwan ƙasa da duhun kai wanda ke tashin mutanen gida da kukansa tun da asuba.

Ya kamata a rarrabe waɗannan ƙungiyoyi sosai, domin mutane da yawa sun ɗauka duk tsuntsu ɓarawon hatsi ne. Kulkulu ba ya sauka kan zangarniyar gero. Kurciyar gamji tana iya mutuwa da yunwa a gindin damin dawa.

Wardin daji na ƙasashen Turai

Irin wannan lamari ba a ƙasar nan kaɗai yake ba, kuma duba yadda yake a wani wuri yakan sa mutum ya gane abin da ke ƙofar gidansa. A Ingila da Jamus da sauran ƙasashen arewacin Turai akwai wata ƙaya mai yaɗo da ke fitowa cikin shingayen gonaki, dangin furen wardi ce, amma ta daji. Tana fure cikin watan Yuni. Furen yana kaɗewa sai ta ɗaura 'ya'ya dogaye kaɗan, girman ɗan magarya, waɗanda ke rikiɗa su yi ja wur cikin Satumba da Oktoba. Ganye yakan zube duka, amma 'ya'yan nan suna nan maƙale a reshe har tsakiyar sanyi.

Da farko tsuntsaye ba su cika kula su ba, saboda suna da tauri, ga kuma waɗansu 'ya'yan itatuwa masu laushi da suka riga su nuna. Sai waɗancan sun ƙare, sanyi mai daskarar da ruwa ya bugi 'ya'yan wardin sun yi taushi, ƙasa ta ƙanƙare har tsuntsu ba ya iya tono tana, sa'an nan ake komowa kansu. Watau abincin ƙarshe ne, irin hatsin gindin rumbu da ake tunawa da shi sa'ad da na sama ya ƙare. Masu cinsu sun haɗa da tsuntsayen wurin, da baƙi da ke gudo sanyi daga Nowe da Suwidin da Rasha garke garke. Waɗansu su haɗiye ɗan duka su kasayar da ƙwayar a wani wuri, waɗansu masu ƙaƙƙarfan baki su fasa shi su cinye ƙwayar kawai.

Mutane ma sun mori wannan ƙaya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen ruwa suka kasa kawo lemo Ingila, gwamnati ta sa 'yan makaranta da ƙungiyoyin mata su shiga tsinkar 'ya'yan wardin daji tun daga shekarar 1941, aka riƙa dafa su ana yin wani maɗi mai bitamin C domin yara ƙanana. Duk da haka, bayan yaƙin, da manyan motocin noma suka yawaita, sai aka tumɓuke shingaye don a faɗaɗa gonaki, har ƙasar ta rasa kusan rabinsu. Tsuntsayen gonaki suka ragu. Yanzu shawarar da ake ba manoman can ita ce kada su aske shinge da kaka, su bari sai ƙarshen sanyi bayan tsuntsaye sun cinye 'ya'yan, kuma kada a aske shi kowace shekara.

Wardin daji ba ya fitowa a dazukan Nijeriya, ƙasar ta yi masa zafi. A duk Afirka kudu da Sahara, a kan tsaunukan Habasha da maƙwabtanta ne kawai ake samun irinsa na asali. Amma aikin da yake yi wa tsuntsaye a can, akwai masu yinsa a nan.

Magarya da 'yan'uwanta

In ana neman wadda ta fi kama da wardin daji a ƙasar Gombe, to, magarya ce. Ita ma ƙaya ce mai ƙugiya, ita ma gefen gona da saura take so, ita ma tana ɗaura ƙananan 'ya'ya masu ja-ja da ke nuna bayan ɗaukewar ruwa, daga wajen Nuwamba har cikin sanyi. Abin da ya ƙara mata daraja shi ne 'ya'yanta ba sa ruɓewa da wuri. Suna bushewa a reshe ko a ƙasa, zaƙinsu yana nan, saboda haka wanda bai samu yau ba zai samu bayan wata guda. Tana da bitamin C mai yawa. Yara suna sha, mata suna daka busasshiyar su yi gari, a Jamhuriyar Nijar har dunƙula shi ake yi a kai kasuwa, ganyenta kuwa kowa ya san da shi ake wankan gawa. Ƙayarta ma kariya ce: ɗan tsuntsun da shirwa ko shaho ya biyo, in ya faɗa cikin magarya ya tsira.

Kurna 'yar'uwarta ce ta jini, sai dai ta fi ta girma, takan zama babbar bishiya a cikin gari ko a maƙabarta, kuma nunarta tana jan lokaci har cikin rani sosai. Kanya tana son bakin rafi da gindin suri, tana nuna da hunturu, kuma idan ta nuna babu itacen da ya kai ta tara jama'a: tsirya da cilakowa da shaya a sama, birai a tsakiya, yara da awaki a ƙasa. Ɗinya ita ce ke buɗe fage, gama tana yin baƙi tun ƙarshen damina, kafin sauran su kai. Akwai kuma ƙananan tsirrai da ba a ɗauke su bakin kome ba, kamar tsa mai fararen 'ya'ya ƙanana, da dargaza, waɗanda ƙananan tsuntsaye ke iya haɗiyar 'ya'yansu, alhali ɗan kanya ya fi ƙarfin maƙogwaronsu.

Dangin ɓaure kuwa, watau ɓaure da gamji da cediya da durumi, al'amarinsu daban ne, ya kuma cancanci a tsaya a kansa. Sauran itatuwa kowanne da lokacinsa, amma su ba su da lokaci guda. Wannan ɓaure yana nuna yau, na ƙetaren rafi sai bayan wata biyu, na bayan gari ya riga ya zubar. Dalili kuwa shi ne furen ɓaure a cikin ɗan yake, ba a waje ba, kuma wani ɗan ƙwaro ƙanƙane ne ke shiga ta ƙofar ɗan ya kai masa garin fure, ya yi ƙwai a ciki. Shi ne ƙwaron da ake gani in an ɓare ɓaure, wanda ya sa ake cewa mai tona cikin ɓaure ba ya sha. Ƙwaron nan kwana ɗaya ko biyu yake yi a duniya bayan ya fito, don haka tilas a sami wani itacen da ke shirye ya karɓe shi a kowane lokaci na shekara. Amfanin wannan ga tsuntsu shi ne, muddin akwai itatuwan da yawa a yanki guda, ba za a rasa mai 'ya'ya ba. In kuwa aka sassare su aka bar ɗaya tilo, to, shi ɗayan ba zai riƙe tsuntsu ba sai na 'yan makonni, kuma shi kansa samun ƙwaron da zai ba shi iri zai yi masa wuya. Kurciyar gamji, mai koren baya da rawayan ciki, kusan ba ta da wani abinci sai wannan. Garin da ta daina zuwa, a duba, an rage gamji da ɓaure.

Aduwa tana cikin lissafi, amma ta wata hanya. 'Ya'yanta sun yi wa yawancin tsuntsaye girma, ƙwallonta ya yi tauri, mutane da awaki da raƙuma ne masu shanta. Abin da tsuntsu ke nema a jikinta shi ne ƙwari, gama tana riƙe ɗanyen ganye cikin rani. Haka gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya tofo da kaka, ya yi fure daidai lokacin da sauran itatuwa ke tsiraita. Furen nan yana jawo ƙudan zuma da tsutsotsi, su kuma su jawo tsuntsaye.

Baƙin da ke ƙetaro Sahara

Ba tsuntsayen gida kaɗai ke dogara ga wannan rumbu ba. Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin miliyan 2,000 ne ke barin Turai kowace shekara su ƙetaro Bahar Rum da hamadar Sahara su yi rani a Afirka. Su ba sa jiran 'ya'yan wardi su yi laushi. Tun cikin Agusta da Satumba suke tashi, bayan sun cika jikinsu da kitse daga 'ya'yan itatuwan da suka nuna da wuri. Suna isowa arewacin Nijeriya daga Satumba zuwa Nuwamba, a rame, bayan tafiyar hamada da ta kai kilomita 1,500 ko fiye, ba ci ba sha. Waɗansu su zauna nan har bazara, waɗansu su huta su ƙara mai su wuce kudu.

Ɗaya daga cikinsu wani ɗan tsuntsu ne mai ruwan ƙasa da farin maƙogwaro, nauyinsa bai wuce giram 15 ba, watau kamar ƙwayar sukari huɗu. Mai wucewa zai gan shi yana tsalle cikin ƙaya a gefen gona ya ɗauka ɗan gida ne, bai san an ƙyanƙyashe shi a wani shinge na Ingila ko Polan ba. Labarinsa ya zama abin koyarwa a duniya. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga fiye da kashi biyu cikin uku na irinsa ba su komo ba. Aka bincika ko cuta ce, ko guba, ba a sami kome a can ba. Daga baya aka gane ruwa ne ya gaza a ƙasashen bakin hamada a daminar 1968, farkon farin nan da ya tsananta a 1972 da 1973, wanda dattawa ba su manta ba. Itatuwa ba su yi 'ya'ya ba, ƙwari ba su yi yawa ba, tsuntsayen suka mutu a nan ko a kan hanyar komawa. Farin da ya kashe shanun Fulani shi ne ya rage kukan tsuntsu a gonakin Turawa.

Komawar ta fi zuwan wuya, domin a ƙarshen rani ake yinta, lokacin da daji ya fi bushewa. A ƙarshen shekarun 1960 waɗansu masana sun zauna a Malam Fatori, bakin Tabkin Cadi, suna kama ƙananan tsuntsayen nan da raga suna aunawa suna saki. Suka tarar cewa kafin su tashi cikin Maris da Afrilu suna yin ƙiba ƙwarai cikin 'yan makonni, kuma babban abin da ke ba su wannan ƙiba shi ne 'ya'yan itacen asuwaki, wanda Larabawa ke kira arak. Zaƙin 'ya'yan itace yana juyewa ya zama kitse da sauri, kitsen nan kuwa shi ne guzurin hamada. Irin wannan bincike yana ci gaba a cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, inda ake sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Wanda ya tsinci tsuntsu da irin wannan zobe, kada ya ɗauka wani asiri ne. Lamba ce kawai da adireshin waɗanda suka sa, kuma sanar da malamin daji taimako ne ga masu binciken.

Akwai wani binciken da ya shafi mai dasa itace kai tsaye. Daga shekarar 2007 waɗansu masana na ƙasar Holan suka bi ƙasashen bakin hamada suna ƙirga tsuntsaye itace bayan itace. Suka ga baƙin nan ba kowane itace suke sauka a kai ba. Sun taru ne a kan 'yan kaɗan, musamman gawo da aduwa da dangin bagaruwa da itacen asuwaki. A kan darbejiya da kaɗanya da bishiyar turare kuwa da ƙyar ake ganinsu. Bayanin da suka bayar shi ne, itace mai ƙaya yana kare kansa daga dabbobi da ƙayarsa, don haka ganyensa ba shi da ɗaci sosai, ƙwari suna iya ci. Wanda ba shi da ƙaya da ɗaci yake kare kansa, ƙwaro ba ya zama a kansa, tsuntsu ma ba ya zuwa. Darbejiya, wadda aka kawo Barno a 1928, ta yi wa ƙasar nan hidima wajen inuwa da itacen girki, jemagu da waɗansu tsuntsayen gida suna shan 'ya'yanta, amma ba za ta maye gurbin gawo da magarya ba. Gari yana iya cika da darbejiya ya yi kore shar, tsuntsayensa kuwa suna raguwa.

Ladan da tsuntsu ke biya

Tsuntsu ba ya cin na banza. Ɗan itacen da ya haɗiya ba ya daɗewa a cikinsa, sau da yawa bai kai awa guda ba, sai ƙwayar ta fita an wanke mata tsoka, ta faɗi nesa da uwarta tare da ɗan taki. Ƙwayar da ta faɗi a gindin uwa inuwa da ƙwari ne ke kashe ta, wadda aka kai nesa ita ke tsira. Duk wanda ya ga gamji ya fito a wuyan giginya, ko cediya a kan tsohuwar katanga, ya ga aikin tsuntsu ko na jemage. Mafi yawan kanya da ɗinya da ɓauren da ke gonakin Kwadon ba wanda ya dasa su da hannu.

Lada na biyu shi ne cin ƙwari. Tsuntsun da ya kwana cikin magaryar gefen lambu, da safe cikin tumatir da kuɓewa yake kiwo, yana tsince tsutsa da ɗarɓa da ƙananan fara. Ba zai hana feshi gaba ɗaya ba, amma ma'aikaci ne da ba ya karɓar kuɗin ƙwadago.

Gaskiya ne akwai ɓarna. Shaya da 'yan'uwanta suna huda gwaiba da gwanda da nunannen tumatir, tsirya tana taɓa dawa. Akwai kuma kauci, wanda wani ɗan tsuntsu ke shan 'ya'yansa ya goge ƙwayar mai danƙo a reshen kaɗanya ko ɗorawa, ta tsiro ta riƙa tsotse itacen. Maganin kauci a sare reshen da ya kama tun yana ƙarami, ba a kashe tsuntsun ba. Game da lambu kuwa, tsuntsun da ya rasa na daji ba shi da inda za shi sai na mutum. Jan-baki, wanda ke faɗa wa gero da shinkafa dubu dubu a kwarin Gongola, shi matsala ce ta daban mai buƙatar hukuma, kuma sare kanya ko ɓaure ba ya rage shi ko da ɗaya, tun da ba su yake ci ba.

Abubuwan da ke cinye rumbun

Gombe ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba 1996, tun daga lokacin kuwa take ta faɗaɗa, gidaje suna cin gonaki, gonaki suna cin daji. Birni yana buƙatar itacen girki da gawayi kowace safiya, ƙauyukan da ke kewaye da shi irin su Kwadon su ne ke bayarwa. Abin takaici, itatuwan da suka fi kyan gawayi da turmi da ƙota da allo su ne masu tauri, cikinsu har da kanya da aduwa da kurna. Itacen da ya yi shekara 40 yana girma, injin yanka katako ya kwantar da shi kafin a sha ruwa.

Madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wadda aka kammala a kan Kogin Gongola a 1984, da injunan ban-ruwa da suka yawaita, sun bunƙasa noman rani, wannan kuwa alheri ne. Sai dai fadama da bakin rafi, inda lambu ke so, nan ne kuma kanya da ɓaure ke so. In an share har gaɓar ruwa, tsuntsu ya rasa abinci, gaɓar ma ta rasa saiwar da ke riƙe ta, ruwa ya fara zaizaye ƙasa. Mutanen Gombe ba sa buƙatar a gaya musu abin da kwazazzabo ke yi wa gari.

Sa'an nan ga wuta. Yaro ya cinna wa saura wuta don ya kama gafiya ɗaya, ta cinye magarya 50 da 'ya'yansu, da harawar maƙwabci, wani lokaci har da damin da ba a kwashe ba. Babban itace yakan tsira da ƙuna, ƙananan da ke tasowa su ne ke tafiya. Dokokin Gwamnatin Tarayya na shekarar 2011 sun hana ƙona daji ba tare da izini ba. Akwai kuma wata mummunar al'ada ta zuba maganin ƙwari a ruwa ko cikin tsaba don a kama tsuntsaye da yawa lokaci guda. Wannan guba ba ta zaɓe, kuma tana bin naman har cikin tukunyar wanda ya saya.

Abin da mai gona zai iya yi

Ba a ce kowa ya mai da gonarsa daji ba. Abin da ake bukata ya fi haka sauƙi, mafi yawansa ma lura da lokaci ne. Magarya tana yin fure a kan sabon reshen da ya tofo a daminar shekarar. Wanda ya sassabe ta cikin Nuwamba don ya shinge lambu ya zubar da 'ya'yan shekara guda. Wanda ya jira sai bazara, bayan an shanye 'ya'yan, ya sami ƙayarsa, itacen kuma ya tofo da ƙarfi ya fi bara 'ya'ya. Haka manoman Indiya ke yi wa tasu magaryar ta lambu. Ƙayar shingen kaka sai a samo ta daga ɗunɗu da sarƙaƙiya, ko a tanadi busasshiya tun bazara. Wanda ya fi dabara kuwa ya shuka magaryar kanta a jere a kan iyaka ta zama shinge mai rai, ya huta da saran ƙaya kowace shekara, ya huta da rigimar iyaka.

Wajen tsinka, a kaɗa na ƙasa a bar na ƙololuwa. Kada a sare reshen kanya don a sami 'ya'yan da hannu bai kai ba. A bakin rafi a bar 'yan taku kaɗan ba noma. In tilas ne a ƙona wani wuri, a nemi izini, a share kewaye, a zagaye gindin ƙananan itatuwa.

Dashe yana da kyau, amma raino ya fi shi arha. A yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga tsakiyar shekarun 1980, manoma suka daina tumɓuke kututturen da ke tofowa a gonakinsu. Sai su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sare sauran, su riƙa gyarawa kowace shekara. Da yake saiwar tana nan da ranta a ƙasa, itacen yakan tashi da sauri fiye da wanda aka dasa, ba ya kuma neman ban-ruwa. Ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar, wurin da bai kai Gombe samun ruwan sama ba. Kututturen magarya da aduwa da kanya suna nan a gonakin Kwadon suna tofowa kowace shekara, ana sassabe su kowace shekara.

Jihar Gombe tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafa, wanda aka kafa wa hukuma ta musamman a 2015, ga kuma Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Lambu a Dadin Kowa, da gandun dajin Kanawa a maƙwabtaka. Makarantu da masallatai da ƙungiyoyin matasa da ke karɓar dashe su riƙa tambayar malamin daji irin na gida, su sa kurna ko cediya ko gawo a tsakanin darbejiya. Mai son shuka magarya da kansa, ya tara ƙwallon busassun 'ya'ya yanzu da kaka, ya fasa a hankali ya fid da ƙwayar ciki, ya ajiye a inuwa, ya shuka cikin leda wajen watan Afrilu, ya dasa idan ruwa ya zauna. In awaki ba su same ta ba, cikin shekara uku ko huɗu za ta fara 'ya'ya.